Ranar da Na Yi wa Kamfanin Intanet Cinikin Tumatir

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je yi wa kamfanin intanet barazana ba.

Ni dai aikina a kasuwar kayan gwari ta Aziziya yake, kullum da safe ina saro wa wani gidan abinci tumatir da albasa da ganye. Na daɗe a harkar, kuma ina da makami ɗaya da bai taɓa ba ni kunya ba. Idan mai kaya ya ƙi sauko da farashi, sai in ce "halas", wato shi ke nan da Larabci, in juya, in kama tafiya a hankali. Ba na yin nisa nake jin "ta'al, ta'al", wato dawo. Da wannan tafiyar nake ci nake sha, har na ɗauka duk duniya haka ake ciniki.

Gidan da muke haya a Shumaisi tsohon gini ne mai kaurin bango, ga ɗakunanmu a ƙasa. Da ka shigo, sabis ɗin wayarka zai tsaya a bakin ƙofa tare da takalmanka. Saboda haka intanet ɗin gida shi ne hanyarmu ta ganin iyali, kuma da iƙamata, wato katina na zama a ƙasar, aka buɗe layin tun shekarun baya. Ban taɓa makara wajen biya ba, ban taɓa sauya kamfani ba, kuma nakan yawaita tuna wa 'yan gidan wannan magana (ba don sun tambaya ba).

Rannan sai ga saƙo daga kamfanin, wai daga wata mai kamawa za a ƙara kuɗi, saboda suna shimfiɗa sabon layin faiba a unguwanni. Ba ƙarya suka yi ba, don har layinmu an haƙa dogon rami an kewaye shi da jan leda, an tafi an bar shi. Ƙarin bai ƙona mini rai sosai ba sai da na ji cewa wanda ya shigo jiya ragi ake yi masa. Wato ni da na zauna da su tun intanet na tafiyar kunkuru, ni ne zan biya kuɗin ramin, baƙo kuma ya zo ya sha daɗi.

A gidan akwai Issufu, ɗan Maraɗi, direba ne a wani kamfanin ruwan sha. A makon nan matarsa ta haihu can gida Maraɗi, ɗansu na fari, kafilinsa kuma, wato ubangidansa na aiki, ya hana shi hutu. Sunan ya faɗo ranar Juma'a, ranar da ba ma fita aiki. Ya shirya da ƙanensa zai riƙe masa waya a wajen raɗin suna, mu kuma mu haɗa da talabijin ɗin falo, a ga komai kai tsaye. Har ya gayyaci abokai, ya yi odar shinkafa da nama.

Da ya ji ina cika baki zan je ofishin kamfanin, sai ya ce, "Alhaji, ka bari dai a yi suna, sannan ka yi rigimarka."

Na ce, "Wa ya ce maka rigima zan yi? Ciniki zan yi. Taso ma mu je ka ga yadda ake yi."

Ranar Alhamis da rana muka je. Muka ciri lamba, muka zauna cikin sanyin na'ura har aka kira mu. Wani matashi ne ɗan ƙasa a bayan tebur, mai fara'a da ladabi. Na zuba masa jawabi da Larabcina na kasuwa: shekarun da na yi da su, biyan da ba na fashi, kamfanonin da suka yi ta zawarcina na ƙi (babu wanda ya taɓa zawarcina, takardar talla ce kawai ake sako mana ta ƙarƙashin ƙofa). Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ya ammi," wato kawu, "ƙarin nan a kan kowa yake, ba a hannuna yake ba."

Duk mai tumatir haka yake fara cewa. Na gyara zama na ce, "To ku yanke layin."

Ya ɗago ya kalle ni. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Issufu ya taka mini ƙafa, na janye. Matashin ya ce za a turo lambobi a wayata, in karanto masa. A raina na ce lallai yaron nan shi ma ya iya, yana so ya ga ko zan tsorata. Na karanto lambobin da ƙarfi, har na kusa da mu suna ji. Sannan na miƙe, na ce "halas", na juya.

Na kama tafiyata ta Aziziya, a hankali, kunnuwana duka suna baya. Na wuce kujeru, shiru. Na isa ƙofar gilas, ta buɗe da kanta. Sai na durƙusa kamar ina gyara takalmi (silifas ne a ƙafata, babu abin gyarawa a jikinsa). Ƙofar ta gaji da jirana ta rufe, na motsa ta sake buɗewa. Mai gadi ya zuba mini ido.

Issufu ya raɗa mini, "Alhaji, ba su kira mu ba hwa."

Na ce, "Yi shiru, yanzu za su kira."

Aka kuwa yi kira, amma lambar mutum na gaba. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Saƙo ne mai daɗin karantawa, suna gode mini da shekarun da na yi tare da su, suna mini fatan alheri.

Na koma na ciri sabuwar lamba, na zauna a gaban mutanen da suka ga fitata. Da layi ya zo kaina, wurin matashin nan aka sake tura ni. Na ce masa wasa nake yi ɗazu. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce a unguwannin da ake aikin faiba, tsohon layi in an yanke ba a mayar da shi. Amma zan iya yin rajistar sabon, har ma da ragin sabbin shiga, da zarar aikin ya iso ƙofarmu.

"Yaushe zai iso?"

"Kwanan nan, in sha Allahu."

Haka muka kamo hanyar gida.

Da safiyar Juma'a baƙi suka zo cikin manyan riguna, suka tarar da talabijin a kashe. Dole muka fito titi neman sabis, muka jeru a bakin ramin faiba, rana tana dukanmu. Issufu ya ɗaga waya sama, mu kuma muna leƙe ta kafaɗarsa. Muka ga tabarmi, muka ga dattawa, muka ga rago a ɗaure. Liman ya gyara murya zai faɗi suna, sai hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Issufu ya yi ta "alo, alo", yana zagaya ramin. Ko da hoton ya dawo, an shafa fatiha, ana ta rabon goro da dabino.

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya sa ta a aljihu ya ce mu shiga a ci abinci. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Muna cikin ci wani baƙo ya ce, "To ango, mu dai ba mu ji ba. Wane suna yaro ya ci?"

Issufu ya nuna ni da cokali ya ce, "Sunan Alhaji na sa mishi. Shi ya riƙe ni sa'ad da na zo garin ga."

Nan falo ya kaure da "barka da takwara", ana ta miƙo mini hannu. Wani ma ya ce ai shi ya sa na yi zuru tun safe, daɗi ne ya kama ni. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na koma waje na kwanta a ramin nan an rufe da ni.

Faiba dai ta iso bayan watanni, kuma ba laifi, tana da sauri. Ragin sabbin shiga ya ƙare, yanzu abin da muke biya ya fi wanda na je yin faɗa a kansa. Takwarana har ya fara tafiya, ina ganinsa tar a talabijin, kuma duk lokacin da ya juya baya ya nufi ƙofa sai 'yan gidan su haɗa baki su ce "ta'al, ta'al".

Abin da na koya bai da yawa. Mai tumatir yana kiranka ka dawo ne don ya san kayansa za su ruɓe kafin yamma. Su kuwa waɗancan, kayansu ba ya ruɓewa.