Tsohuwa Ta Tafi Da Muryar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya rasa wanda zai sauke wa, Ƙarami direba, na layin motocin haya da ke bakin tasha, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da fasinjojinsa na dindindin rasuwar rediyon motarsa mai cin kaset, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Lahadi da rana tsaka, a cikin akwatin gaban mota, a ƙofar gida, bayan rashin lafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Ba a san shekarunta daidai ba, don da girmanta ta zo gidan, amma ta yi ashirin da uku a hannunsa.

Masu zuwa suna cewa ai tsufa ne, kwana ya ƙare, su bar wannan magana. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta yana nan zaune a gida da bandeji a yatsu uku.

Marigayiya ta shigo hannun Ƙarami ne tare da motar Yayansa. Yaya shi ya koya masa tuƙi, da ranƙwashi da tsawa, shi ne kuma ya laƙaba masa sunan da ya bi shi har furfura. Da Yaya ya sami aikin tuƙa babbar mota a wata ƙasa mai nisa, ya bar masa makulli, ya bar masa amanar matarsa da jaririyarsu, wadda ake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsu ta ci. Bayan wata bakwai wani direba ya kawo kaset a cikin ambulan, Yaya ya yi magana a ciki tunda shi ma rubutu bai dame shi ba. Bayan wata biyu kuma aka kawo labarin rasuwarsa. Gawarsa can aka rufe ta, hotonsa ɗaya ne na lasin. Abin da ya dawo gida nasa ke nan, magana ta minti goma sha ɗaya.

Motar Yaya ta mutu, an sayar da ƙarafunanta. Ta biyu ta bi bayanta. Tsohuwa kuwa duk motar da Ƙarami ya koma da ita yake komawa, ya kwance ta da hannunsa ya ɗaura, waya biyu ya murɗa ya naɗe da baƙin salatif, ta kama. Daga nan ya fara ɗaukar kansa injiniya.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai yi mata shaidar haƙuri. Ta sha ƙura, ta sha rana, ta sha gargada. Tasha biyu take kamawa, ɗaya labarai ɗaya shuuu, kuma idan aka shiga ƙarƙashin gada duka biyun shuuu ne. In ta yi nauyin baki da safe, mari ɗaya a gefen hagu ya ishe ta, ba ta taɓa riƙe shi a zuciya ba. Maɓallin ƙara muryarta ya faɗi tun tuni, murfin man goge baki ke riƙe da muƙamin. Ba ta taɓa shanye batir ba, ba ta taɓa sa ɓarawo ya fasa gilashi saboda ita ba. Laifinta ɗaya a duniya, shekara goma sha huɗu da suka wuce ta haɗiye kaset ɗin Yaya ta ƙi fito da shi. Aka danna, aka lallaba, aka zura cokali, ta ce atafau. Amma tana juya shi, tana mayar da shi baya, ga wanda ya nema. Sai Ƙarami ya ce to ai shi ke nan, ya sami ma'aji.

Ga abin da take faɗa in an danna mata. Da farko ƙas, sai ɗan huci, sannan:

“Wannan abin yana ɗauka kuwa? To. Ƙarami, in kana ji na, ka dinga duba baƙin mai kafin ka tada motar nan. Kada ka ba kowa aronta, ko limamin unguwa ne. Kuma abin da ba ka iya ba ka kai wa waɗanda suka iya, na san halinka, kanka kamar dutsen niƙa.”

Daga nan sai tari sau biyu, sai gaishe-gaishe, sai ƙorafin ruwan can ba shi da daɗi. Can wajen ƙarshe muryar takan sauka ƙasa:

“Ina Mamana? A kawo ta kusa. Mamana, an ce kin yi haƙori biyu. Kada ki ciji kowa sai Baffanki.”

A gidan Ƙarami Mamana ta tashi, bayan uwarta ta sake aure. Ba ta san fuskar ubanta ba sai ta lasin, amma ta san tarinsa. Tun tana tsayawa a kan kujerar gaba take danna maɓallin da kanta. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, kuma duk zuwan da za ta yi, kafin ta shiga gida ta gaida kowa sai ta zauna a mota ta rufe ƙofa, minti goma sha ɗaya. Sau uku tana roƙon Baffanta ya kai Tsohuwa wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota na bakin tasha, a buɗe ta a ciro kaset ɗin a zuba mata maganar a wayarta. Sau uku yana cewa sai ya sami sarari. Sarari kam yana da shi, wuni yake yi a layi yana korar ƙuda. Gaskiyar ita ce mai wayarin ya taɓa cewa da shi a gaban mutane, wanda ya iya murza sitiyari ya tsaya a sitiyari, shi kuwa ya rantse mutumin ba zai ƙara taɓa masa ko kwan fitila ba.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga fasinjojin zamani. Mutum zai leƙo mota, bai tambayi birki ba, bai dubi taya ba, sai ya ce akwai wurin cajin waya? Akwai kiɗa? Ya wuce ta baya. Direbobin layi kuma, waɗanda rabinsu a gabansa suka koyi ribas, suka sa shi gaba, wai motarsa ɗakin ajiye kayan tarihi ce, wai a dinga karɓar kuɗin kallo. Ƙarami ya haɗiye, ya haɗiye, ranar Asabar ya shiga kasuwa ya dawo da kwali uku: sabon rediyo mai allo kamar talabijin, da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, da wata ƙatuwar lasifika da ta cinye rabin but ɗin motar. Wannan tarkace shi za a kira Baƙo a sauran sanarwar nan, don bai cancanci suna ba.

Mai wayarin ya ga kwalayen, ya aiko a gaya masa ya kawo a haɗa masa, abin da ya wuce ya wuce, amma a fara ciro kaset ɗin nan tukuna. Ƙarami ya ce a gaya masa an gode. Ya riga ya kalli wani mai fararen haƙora a waya ya haɗa irinsa cikin minti goma yana murmushi, ko gumi bai yi ba.

A yi masa adalci a abu ɗaya, bai yi niyyar yar da Tsohuwa ba. Gurbinta ya ba Baƙo, ita kuma ya gyara mata wuri a akwatin gaba, ya shimfiɗa mata tsumma. Dabarar da ta zo masa, wadda har ya yi wa kansa dariyar jin daɗi, ita ce ya haɗa ta da amfilifaya, in Mamana ta zo ƙarshen wata ta ji ubanta ta babbar lasifika. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya ga fuskarta.

Ya fara tun da hantsi. Ya ɓalle gaban mota, sukurori a cikin murfin kwano, wayoyi sun zubo ja da rawaya da shuɗi da baƙi kamar hanjin akuya. Takardar bayani ta zo da ƙananan rubutu, ya sa ta a ƙarƙashin gwiwa don kada wandonsa ya ɓaci. A cikin kwalin akwai wata jar waya mai kaurin ɗan yatsa, wadda aka ce daga batir za a jawo ta har but. Ya duba, ya ga sai an huda, an ɗaga kafet, an kwance kujera. Ya ce wuta ai wuta ce. Ya naɗe jar wayar ya ajiye, ya ɗauki wutar amfilifaya daga 'yar siririyar wayar da ke ciyar da Tsohuwa tun zamanin Yaya. Maiɗakinsa ta leƙo da kofin ruwa, ta tambaya ko ya cire kan batir. Ya ce ta koma kicin, da yana son shawara da ya tambaya.

Ya murza makulli, ya ƙara murya, fis ya tsinke, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa. Ya sa wani, ya tsinke. Ya ciro na fitilar ciki ya sa, shi ma ya tsinke. Sau uku motar tana gaya masa a'a, daidai da roƙon Mamana. Mai hankali nan zai tattara kayansa. Ƙarami ya ce fis ɗin yanzu duk jabu ne, ya fere waya ya ciro zaren tagulla, ya murɗa shi riɓi huɗu ya cusa a gurbin.

Ya danna. Ƙas, sai huci.

Jama'a, Yaya ya shigo motar nan. Muryar da shekara da shekaru take fitowa siririya kamar ta cikin gwangwani, sai ga ta da ƙirjinta, daga baya, kamar yana zaune a kujerar fasinja ya miƙe ƙafa. Ƙarami ya ji abubuwan da bai taɓa sanin suna cikin kaset ɗin ba. Akwai cokali yana kaɗawa a kofin shayi. Akwai wani can nesa yana dariya. Kafin tarin nan ashe Yaya yakan ja numfashi ta hanci, yadda yake yi in zai yi faɗa. Ƙarami ya tura kaset ɗin gaba zuwa wurin Mamana, ya murɗa murfin man goge baki har ƙarshe, ya jingina ya rufe ido. Da idonsa a buɗe yake da ya ga hayaƙin da wuri.

Kalaman marigayiya na ƙarshe su ne:

“A kawo ta kusa. Mamana, an ce kin yi...”

Sai muryar ta ja kamar mai hamma, ta narke. Wari ya tashi. Tsumman da ya shimfiɗa mata don girmamawa shi ya fara kamawa. Ya cusa hannu ya fizgo ta, roba tana ɗiga a yatsunsa, maiɗakinsa ta watsa ruwan kofin da ta dawo da shi. Wutar ta mutu, motar ta tsira.

Washegari da kansa ya ɗauke ta a leda ya kai wa mai wayarin, ya tsaya a bakin rumfa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mutumin ya kwance sukurori huɗu. Huɗu kacal, bai yi minti biyar ba, abin da aka shekara goma sha huɗu ana ja. A ciki kaset ya zama dunƙule baƙi kamar ƙonannen ƙanzo. Mutumin ya juya shi da filaya, ya ce wayar ce ta yi wa amfilifaya ƙanƙanta, ta yi zafi ta kama. Ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya mayar da sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarami ya so ƙwarai mutumin ya yi masa gori, don ya sami abokin faɗa. Bai yi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar lasifika biyu a ƙofofin gaba, ta hagu kurma ce tun bara. Ta bar eriya da aka yi da wayar rataye kaya, da murfin man goge baki wanda ya fita ba ko ƙwarzane. Ta bar Ƙarami, da maiɗakinsa wadda har yau ba ta ce ai na faɗa ba, sai dai tana ajiye masa abinci a hankali kamar mara lafiya, abin da ya fi zagi ciwo. Baƙo yana nan lafiya lau, fitilunsa shuɗaye suna ƙyalli, ba a lissafa shi cikin dangi. Ta kuma bar Mamana.

Mamana ba ta sani ba. Tun ranar Lahadi ta kira shi sau shida, yana kallon wayar tana haske har ta gaji. Jiya ta turo saƙo tana tambaya ko lafiya, ta ce a gaida mata Tsohuwa. Wannan sanarwa ita ce amsarta, za a tura mata kafin kowa ya gani. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zagin manyan motoci a kan titi ya kasa buɗe baki ya gaya wa 'yarsa magana ɗaya.

Game da jana'iza. Gawa tana kan kabad a ɗakin Ƙarami, a naɗe cikin tawul mai tsabta, kuma ba za a taɓa ta ba sai Mamana ta iso, ko ƙarshen wata ko duk ranar da ta ga za ta iya kallonsa. Ba a buƙatar direbobin layi. Mai son yin gaisuwa ya yi daga inda yake, wanda kuma ya zo da maganar ai akwai masu gyaran irin wannan a wani wuri zai koma da ita. Mai wayarin kaɗai aka yarda ya zo, ya tsaya inda ya ga dama.

Za a yi ta ne a ƙofar gida, a cikin mota, inji a kashe, Baƙo a kashe. Mamana za ta zauna a gaba inda ta saba, a rufe ƙofa. Ƙarami ya haddace kaset ɗin tun daga ƙas har ƙarshe, da baƙin mai, da ruwan can, da tarin nan biyu, har da jan numfashin da shi kaɗai ya taɓa ji. Zai karanta mata da bakinsa, ya ƙarasa mata maganar haƙoran da wuta ta katse. Muryarsa ba ta kama ƙafar ta Yaya ba, ya sani. In ta buɗe ƙofa ta fita kafin ya gama, kada kowa ya tare ta. Shi dai zai zauna ya cika minti goma sha ɗayan.