Rasuwar Mai-Lanƙwasa, Kwamfutar Rabin Farashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da har yau bai farfaɗo ba, ni Balkisa Ma'azu, ma'aikaciyar allurar dabbobi a Takanamat, a madadin kaina da iyalina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Mai-Lanƙwasa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a birnin Tawa, a gaban shaidu goma sha ɗaya, bayan wata bakwai da kwana tara a hannuna. Shekarunta na gaskiya kuwa, na tambayi wanda ya sayar mini da ita, ya ce shi ma bai tambaya ba.

Mun haɗu da marigayiya a shagon Attaher, wani mai sayar da wayoyi da kwamfutoci a gefen kasuwar Tawa. A lokacin ina shirin rubuta littafin kammala karatuna a kan cututtukan tumaki, wanda idan na ci, za a ƙara mini girma a kuma maido ni Tawa, inda na bar 'ya'yana biyu a hannun yayata Raƙiya shekara huɗu ke nan. Ƙaramar kwamfuta na je nema, wadda za ta yi rubutu kawai. Sai Attaher ya ɗauko wannan, ya buɗe ta, ya yi ta tura murfin baya har na runtse ido ina jiran ƙarar karaya. Ba ta karye ba. Ta naɗe ta koma allo irin wanda ake shafawa da yatsa. Ya sake ɗaga ta, ta tsaya a kan tebur kamar tantin makiyaya.

"Madam, abu ukku ne a jiki guda," in ji shi. "Kuma promo ce, rabin kuɗi. Wallahi don ke ce."

Na tambaye shi garanti. Ya dafa ƙirji ya ce shi ne garantin. Ragunan da na yi wata takwas ina turkawa, su biyu, su suka biya. Da na kai ta gida, Yaya Raƙiya ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ke Balkisa, mi ya sa mai ita ya yarda ya yi asarar rabi?" Na ce mata ita ba ta san zamani ba. Ina amfani da wannan dama in janye maganar a bainar jama'a.

Marigayiya mai ladabi ce. Duk inda aka lanƙwasa ta za ta bi, ba ta taɓa gardama ba. Ba ta da dogon buri: idan aka cire ta daga wuta, minti ashirin da biyar take yi ta rufe ido, ta bar duniya da abin da ke cikinta. Tana da zumunci, domin ba ta yarda ta yi nisa da soket, ni ma ba ta yarda in yi nisa da shi ba. Tana da ɗumin zuciya, har abokan aikina suka haramta mini ajiye ta kusa da akwatin sanyin da muke adana allurai. Tana kuma da riƙon amana irin wanda ba a samu yanzu. Duk abin da na ba ta ajiya ba ta taɓa nuna wa kowa ba, wani lokacin har da ni.

Za mu daɗe muna tuna muryarta. Da safe takan gaishe ni da "tiririn", sannan ta yi shiru na tsawon dafa shayi tana tunani. Idan rana ta take, sai ta fara "fuuuu", kamar mai hura gawayi. A watanninta na ƙarshe ta ƙaro "ƙyaƙ", wanda ke fitowa daga ƙugunta duk lokacin da aka buɗe ta.

Ciwon ya fara ne daga harafin "e". Wata ranar Laraba na danna shi bai amsa ba, bai kuma sake amsawa ba. Wanda ya taɓa rubuta faransanci ya san cewa wannan kamar a ce ka dama fura ba gero ne. Na riƙa kwafo "e" ɗaya daga shafin farko ina liƙa shi duk inda ake bukata, shafi saba'in da huɗu. Daga nan sai mantuwa ta kama ta. Babi na uku, wanda ya ƙunshi ƙidayar tumakin ƙauyuka goma sha tara, sau biyar tana haɗiye shi, sau biyar ina sake buga shi daga littattafan da na cika da biro a bakin rijiyoyi. A karo na huɗu na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi. Ita kuwa ta ce "fuuuu".

Na kai ta wurin Issouf, mai gyaran da duk Tawa ke yabo. Ya kwance bayanta, ya leƙa. Sannan ya nuna mini kusoshi kala uku da wani ɗaurin gam, ya ce wannan baiwar Allah ta yi aure aƙalla sau biyu kafin ni. Shawararsa ɗaya ce: "Kada ki sake lanƙwasa ta. Ki bar ta a buɗe kamar yadda take." Wato abu ukun da na saya ya koma ɗaya, shi ma da sharaɗi. Na je wa Attaher da maganar garanti, ya sake dafa ƙirji ya ce ga shi nan lafiya lau.

Ranar Talatar da za a saurare ni in kare littafina, na shiga zauren da sabuwar lufaya, malamai uku a gaba, Yaya Raƙiya da 'ya'yana da sauran jama'a a baya. Duk hotuna da jadawalin da zan nuna suna cikin marigayiya. Aka jona ta da majigi, ta ƙi. Aka canza waya, ta ƙi. Shugaban malaman ya dubi agogo ya ce in kawo ta gabansu su gani a jikinta. Na tuna gargaɗin Issouf sarai. Amma na ga idon jama'a a kaina, na kuma ga dama ta ƙarshe da zan nuna wa yayata cewa ragunana ba su tafi a banza ba. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na tura murfin baya.

Ta ce "ƙyaƙ". Ta ƙara da "ɓas". Sai ga ni tsaye da allo a hannun dama, madannai a hannun hagu, wata siririyar waya tana lilo a tsakani. Ƙaramar 'yata ta tafa, ta ɗauka cikin shirin ne.

Shugaban ya tambaye ni ko a ɗage zaman zuwa baɗi. Baɗi na nufin wata shekarar a Takanamat, yara a nan, ni a can. Na ajiye gawar a kan tebur, rabi kusa da rabi, na ce a'a. Na buɗe baki, sai ga babi na uku yana zubowa: ƙauye bayan ƙauye, tumaki nawa suka kamu, nawa suka mutu, nawa aka yi wa allura, a wane wata. Minti arba'in ban duba takarda ba. Ɗaya daga cikin malaman yana bin littafin da yatsa yana neman inda zan kuskure, bai samu ba. Da suka dawo daga shawara, shugaban ya ce ya shekara ashirin a wannan kujera bai ga ɗalibar da ta haddace alƙalumanta haka ba, ya tambaye ni sirrin. Na nuna masa marigayiya. Na ci, takardar dawowata Tawa tana hanya.

Masu tambaya ko ta ci kuɗinta, ga iyakar abin da zan ce: ban san wata kwamfuta mai cikakken farashi da za ta tsaya a kan ɗalibarta har sau biyar ba. Ban kuma yafe mata ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, wadda ba tata ta asali ba ce, da jaka sabuwa fil, da alƙalamin shafa allo wanda ya ɓace tun kwana na biyu, ana roƙon duk wanda ya gan shi ya sanar da shi rasuwar. Ta kuma bar kwalin da ta zo a ciki, wanda kazar Yaya Raƙiya ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara a cikinsa, kuma shi kaɗai ne a zuriyar da ba a taɓa kuka da shi ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar bayan la'asar, a ƙarƙashin teburin Issouf, inda 'yan uwanta da dama suka riga ta. Ya nemi izinin cire kusoshinta don taimakon marasa lafiya, iyali sun amince. Za a karɓi gaisuwa a gidan Yaya Raƙiya, akwai shayi da gyaɗa. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai mun faɗa miki", domin mai gidan ta riga ta ɗauki wannan nauyin ita kaɗai.

Attaher ya aiko da ta'aziyya, tare da labarin cewa ƙanwar marigayiya ta iso shago, kuma ragin nata ya fi na yayarta. Na aika masa cewa ya ji tsoron Allah, ko kwana bakwai ba a yi ba. Na dai tambayi ɗan aiken ko wane launi ce.