Ranar da waken Dawanau ya kunyata ni a Jebel Ali

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da na so, domin Hajiya Ladi ba za ta bari ba. Ƙawata ce, shagonta na jikin nawa a unguwar Sabkha a nan Dubai, kuma bakinta ba ya hutu.

Ni dai tun ƙafafuna na da ƙarfi nake kawo kayan abinci Dubai: wake, gero, kuka, kuɓewa busasshiya. Duk Bahaushen da ya ci ƙosai a unguwar Karama da azumi, ku tambaye shi waken wa ne. Ban yi boko ba, amma in na cusa hannu a buhu na ɗauko ƙwaya na gatsa, sai in faɗa maka gonar da aka noma shi.

To ana saura kaɗan azumi sai Alhaji Sabo, mai fito mana da kargo, ya zo ya ce an ƙara kuɗin duba kaya. Wai hukuma ta ce masu binciken nan da ke hana ƙwari da cuta shigowa ƙasa, mu masu shigo da abinci mu za mu riƙa ɗaukar nauyin aikinsu.

Na ce, "Alhaji, ka je ka karɓa wajen masu ƙazamin kaya. Ni me za a duba a wakena?"

Ya ce, "Hajiya, ki biya, halas, magana ta ƙare. Kowa ya biya."

Na ce ni ba kowa ba ce. (Ku ji fa. Tsohuwa da ciwon gwiwa, ga haya, ga jikoki a Kano, amma wai ni ce zan ja da hukuma.)

Haka kwantena ta yi ta zama a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, cikin ranar da ko ƙarfe ya san ta. Masu ƙosai na ta buga mini waya, ina cewa shuwayya, wato su ɗan dakata. Da na gaji, na tara mata 'yan uwana, Ladi a gaba, muka cika mota muka tafi in nuna musu yadda ake magana.

Mai binciken yarinya ce mai ladabi, da safar hannu. Alhaji Sabo na fassara. Na gyara mayafi na ce a faɗa mata tun ba a haife ta ba nake wannan sana'a. Ta ce, "Mama, bari in soka ƙarfena a buhu in ɗiba." Na ce a'a, a kasuwar Dawanau ta Kano da hannu muke yi. Na farke bakin buhu da kaina, na cusa hannu har gwiwa.

Ɗumi na fara ji. Sai motsi.

Jama'a, ƙwari! Baƙaƙe ƙanana, suka bi hannun rigata kamar an buɗe musu ƙofa, har wuya, har cikin kallabi. Zaman da waken ya yi a zafi, zaman da ni na sa shi, shi ya ba su damar aure da haihuwa. Ni da ban yi rawa a bikin 'yata ba, na yi ta a gaban leburori, ina kakkaɓe jiki ina salati, mayafi a ƙasa.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ladi ce ta tafa hannu ta ce, "Ayyururi! Ashe dai Hajiya saboda ke aka ƙara mana kuɗin!"

Na biya kuɗin dubawar, na biya na zaman kwantena, waken kuma ba a bari ya shigo ba. Azumin nan waken Ladi aka ci a Karama, har ta aiko mini da ƙosai, wai in ɗanɗana.

Yanzu in Alhaji Sabo ya ce an ƙara, sai in yi tsaki a cikina in miƙa. Kuɗin har gobe yana mini ciwo, na gaji da shi. Amma in zan rantse da buhu, sai na fara buɗe shi ni kaɗai, ƙofa a rufe, Ladi tana nesa.