Muryar Bunsuru

Ni fa a Matameye masanin kiɗa nake ɗaukar kaina. Da mai tura waƙoƙi a kasuwa ya zuba mini tarin tsofaffin waƙoƙin orkes na 'yan kiɗan jita, irin waɗanda ko a zamaninsu ba su yi tashe ba, sai na riƙa yawo da su a mota kamar ni na haƙo su.

Ran nan na ɗauko surukina daga Kance. Alhaji dattijo ne mai rawani da carbi, ko tari ba a yi gabansa sai da dalili. Na ce bari in burge shi, na kunna waƙoƙin. Can sai ga wani mawaƙi yana kukan wai Hadiza za ta guje shi.

"Baba, ji wannan don Allah," na ce. "Murya kamar bunsurun da igiya ta shaƙe. Ai dole Hadiza ta gudu!"

Har da dukan sitiyari ina dariya. Alhaji ya ja carbinsa, sannan ya bi baiti na gaba a hankali, da muryar nan sak.

"Ba ta gudu ba," ya ce. "Ita ta haifa maka mata."

Ni ina na san sunan surukata? Hajiya kowa ke cewa.

Har yau ƙannen matata ba sa amsa sallamata sai da "meee". Kowace Babbar Salla kuwa Alhaji kan aiko mini da cinyar bunsuru, da saƙo: "A gaya wa masani, mawaƙin ya rasu."