Akwatin Sautin Yallaɓai da Wutar Layinmu

Jama'a, na je roƙon wuta gidan manya, na dawo da abin da ya fi duhu ciwo. Taransifomar layinmu ta ƙone tun autana bai fara rarrafe ba, yanzu har gudu yake yi. Firjin da maman yara ke sana'ar ƙanƙara da shi, wanda ke riƙe da rabin cefanen gidana, ya koma ma'ajiyar takalma. Sai maƙwabta suka ce ni da maƙwabcina Tela mu je mu roƙi Yallaɓai Mai Sa Hannu, babban jami'in nan da ya ja doguwar katanga a ƙarshen layi, tunda shi ko tari ya yi a waya sai an kawo sabuwa. Wai ni aka zaɓa don na iya magana.

Na goge riga da dutsen guga na gawayi, muka kama hanya. Janaretansa na ta ruri a bayan gida, falo kuma cike da masu sana'ar gyaɗa kai. Kun dai san ƙa'idar gidan manya: ba ka buɗe baki da buƙata sai ka gama yaba abin da aka nuna maka. Abin nunin ranar wani ɗan akwati ne da bai fi gwangwanin kifi girma ba, an ɗora shi a tsakanin manyan lasifiku biyu. Yallaɓai ya sayo shi ne a ƙasar waje, inda ya je taron nazarin yadda za a wadata talaka da lantarki. Allah ya saka masa, da gani an yi nazari.

Ya gyara zama ya ce, "Waƙar da ke cikin kwamfuta ba sauti ba ce, lambobi ne zalla. Wannan akwatin shi ke juya lambobin su zama sautin da lasifika ke fitarwa. Kowace waya tana da irinsa a ciki, amma na yaku-bayi ne. Kuɗin wannan kuwa ya sayi mota."

Tela ya raɗa mini, "Wato tafinta ne?"

Na ce, "Tafinta ne mai digiri. Yi shiru."

Daga nan Yallaɓai ya sa aka kawo wani irinsa na kasuwa, na direbansa, ya ce zai sa waƙa ɗaya sau biyu, sau ɗaya a kowane akwati, mu faɗi wanda ya fi daɗi. "Amma kowa ya rufe ido."

Mutanen da duk iliminsu a fuskar maigida suke karanta shi, yau an ce su rufe ido! Aka sa na farko, aka sa na biyu. Ni dai tsakanina da Allah abu uku na ji duk sau biyun: mawaƙi, ganga, da janareta. Ina cikin laluben abin faɗa sai Tela ya mintsine ni.

"Na biyun ne, maƙwabci. Ka taɓa ganin babban mutum ya riga kowa zuwa taro? Mai tsada a ƙarshe yake isowa."

Ashe duk falon lissafin da aka yi ke nan. Wani ya rantse a na biyun har haɗiyar yawun mawaƙin ya ji. Wani ya ce tsikar jikinsa ce ta tashi. Wani mai ƙaton tumbi ya ƙara gishiri, ya ce na farkon ai kamar ana wanke kwanuka ne, har kansa ya fara ciwo.

Muka buɗe ido muka tarar da fuskar Yallaɓai a murtuke. Na farkon ne nasa.

Ni kuwa ba akwati nake gani ba, taransifomarmu nake gani tana ɗaga mana hannun bankwana. Sai na yi ta maza na zame daga kujera.

"Ranka ya daɗe, ba laifin akwatin ba ne, wutar janareta ce. Abu mai daraja irin wannan ba ya shan wuta mai rawa, sai tsaftatacciya. Na kasuwar nan ya saba da wahala, duk abin da aka ba shi haɗiyewa yake yi. A gyara taransifoma kawai, a ji ikon Allah."

Fuskarsa ta washe. "Kai, a ina ka yi karatu?" Bai jira amsa ba ya ɗauki waya.

Na koma gida ina tafiya ɗai-ɗai. Maman yara ta wanke firji tas, har ta aika wa masu sayen ƙanƙararta cewa su shirya. Ba a rufa mako ba sai ga babbar mota ɗauke da sabuwar taransifoma, duk layi aka fito kallo. Motar ta zo daidai tsohuwar da ta ƙone, ko birki ba ta taka ba, ta wuce ta shige ƙofar Yallaɓai. Na bi ta da gudu na tari ɗaya daga cikin ma'aikatan.

"Malam, namu layin fa?"

Ya ce, "Wannan ta gida ɗaya ce, Baba. An ce wani masani ya yi bayani cewa akwatin ba ya son wuta mai datti. In aka haɗa da ku, firji da keken ɗinki za su dagula sautin."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Maman yara na tsaye a bayana, ta ji komai da kunnenta. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Sannu da aiki, masani," ta juya ta shige gida. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

To masu tambaya ko akwati mai tsada ya fi fitar da sauti, ga shaidata. Yanzu da janareta ya yi shiru, waƙar na tsallako katanga har tsakar gidana, garau da ita, Yallaɓai kuma na ta gayyatar baƙi su zo su ji bambanci. Sai dai jiya direban ya tsegunta mini cewa tun ranar gwajin akwatinsa na kasuwa ne a jone, ba wanda ya tuna ya canza, shi kuma yana tsoron karɓar kayansa. Don Allah abin ya tsaya tsakaninmu. In Yallaɓai ya ji, wani masanin zai samu ya gano cewa numfashin maƙwabta ne ke ɓata sautin.