Dakta Kifin Tudu da Tarwaɗun Surukinsa

Duk wanda bai ga Dakta a ofishinsa na hukumar ruwa ba, bai ga ilimi zaune a kan kujera mai juyawa ba. Na'urar sanyi na huci, allon kwamfuta biyu na ƙyalli, shi kuwa ya kishingiɗa kamar wanda ya ƙirƙiro damina. A gabansa ma'aikata sukan ce "ranka ya daɗe". In ya juya baya kuwa, Kifin Tudu suke ce masa.

Gwanintarsa ɗaya ce, amma ta cika ɗaki. A ba shi lambobin awon ruwan tafki ko na rijiya, ya zuba wa kwamfuta, ita kuma ta lissafa yadda tsami da gishiri da farar ƙasa za su yi kokawa har su daidaita. Awon kansa kuwa aikin Uwar Kwalabe ne, dattijuwar ɗakin gwaji, wadda Dakta ke kira "ke".

Ran nan surukinsa ya zo da kwalba a hannu, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Tarwaɗa dubu uku ya zuba a kududdufinsa, duk abin da ya tara ke nan, ga shi kullum da safe sai su taso sama suna haki.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Dakta. "Ka zo inda ruwa ke jin magana."

Kwalbar ta kwana uku a buɗe a kan teburinsa, don manya ba sa gaggawa. Uwar Kwalabe ta ce ruwan ya sha iska, ya tashi daga na kududdufi, a bari ta je ta auna a can. Dakta ya yi mata murmushin tausayi. Ina ruwan biri da gada?

Aka auna, aka zuba, kwamfuta ta haifi rahoto shafi arba'in.

"Baba, ruwanka ya daidaita fiye da hankalin wasu mutane. Ga shi a rubuce. In akwai kuskure, to daga kifin ne."

Tsoho ya juya takardun, ya ce, "To ɗana, ko za ka zo ka yi musu bayani? Ni ba su jin tawa."

Ranar Asabar Dakta ya sauka da farar riga da tabarau, Uwar Kwalabe na biye da jakarsa. Maƙwabta suka taru. Ya tsaya nesa da laka, ya buɗe shafi na ɗaya, ya shiga lacca. Kifi na haki, shi ma yana haki.

Kafin ya kai shafi na tara, Uwar Kwalabe ta naɗe hannun riga, ta tsoma ma'auni, ta ga ruwan ba iska ko ta magani. Ta bi bututun da ke kawo sabon ruwa, ta zaro wani tsumma da ya toshe shi. Ruwa ya kwararo. Cikin awa guda tarwaɗa suka koma ƙasa abinsu.

"Daidai yadda lissafina ya hango!" Dakta ya ɗaga yatsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma shi ya ɓoye nasa da shafi na goma.

Bayan wata biyu aka kwashe kifi, aka yi ciniki mai albarka. Suruki ya sake zuwa ofis, ya aika wa Uwar Kwalabe kwandon kifi guda, sannan ya zauna gaban Dakta.

"Ɗana, surukarka ce ta aiko ni. Ta ce rahoton nan naka, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Wai ko za a ƙara bugo mata kwafi biyu?"

Dakta ya kira ma'aikata su shigo su ji. Ya gyara tabarau.

"Wane ɓangare ne ya fi burge Mama?"

"Ai duka. Ta ce in ta naɗe soyayyen kifi da shi, tsaf yake shanye mai."