Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Nababa Mai Zuma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Nababa mai zuma, wanda yanzu aka fi sani da Nababa mai injin niƙa na bakin kasuwar Birnin Gwari, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na cikin gari da na Gayam da Kuyello da Kutemeshi rasuwar kwamfutarsa, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da ta gabata, bayan la'asar kaɗan, a kan teburinta, a gaban mai ita, tana tsakiyar aiki.

Ba a san shekarunta daidai ba, domin da furfurarta ta zo gidan nan. Shekara bakwai ke nan da wani mai shagon buga takardu zai bar gari, ya ba da ita aka ba shi jarka biyu ta zuma. Ita ce zumar ƙarshe da Nababa ya ɗebo daga daji kafin dajin ya zama ba na shiga ba. Amyoyinsa arba'in da ɗaya, gidajen da ya ɗaura wa ƙudan zuma, suna can a bisa itatuwa, in ma suna nan, kuma tun ranar bai ƙara ɗora ƙafa a kan reshe ba.

An sa mata Gwaggo ne saboda yadda take tashi. In an danna ta sai ta ce “ƙirrr… ƙirrr… tik,” kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma, kuma ba a sa ta sauri. Mutum zai iya yin alwala ya yi nafila ya dawo ya tarar ba ta gama buɗe ido ba. Amma in ta tashi, ta tashi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha wutar janaretan injin niƙa, wutar da ta kashe rediyo uku da talabijin ɗin maƙwabta, ita ko tari ba ta yi ba. Ta shaƙi garin masara har fankarta ta yi fari. Ta riƙe hotunan bikin gida huɗu ba ta taɓa nuna wa wanda bai kamata ba. Da safe tana sa karatu, da rana tana buga karta da mai gidan, kuma ba ta taɓa barinsa ya ci don ganin ido ba. Lokacin da aka yanke layin waya a garin nan wata da watanni, wayoyin mutane masu tsada duk suka koma tocilan, Gwaggo ba ta ma san an yi ba, don dama ba ta dogara da kowa.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali, domin ana ta faɗin abin da ba haka ba a bakin kasuwa.

Da Sallah babba Bushira, 'yar Nababa da ke aiki a wani kemis a Kaduna, ta zo gida ta nuna masa tallar wani sabon wasan kwamfuta da za a saki bayan damina. Sunansa na Turanci ne, ta ce ma'anarsa Kurmin Tsohon Sarki. A cikinsa mutum yana zaɓar abin da zai zama, ko maharbi, ko maƙeri, ko mai sihiri, a ba shi takobi a ce ya je ya ƙwato wata sarauta daga hannun dodo mai fuka-fuki da ke hura wuta. Wannan duk bai dami Nababa ba. Sarauta ba ta gidansu ba ce, masu ita su je su ƙwato. Abin da ya tsayar da shi, Bushira ta ce dajin cikin wasan kwana huɗu ake yi ba a ƙure shi ba, duk inda ka ga dama ka nufa, ba mai tare ka ya tambaye ka daga ina. Ta ce ana hawa bishiya. Ta ce a cikin abubuwan da mutum ke tarawa har da zuma.

Sau tara ya sa ta maimaita masa tallar. Ya riga ya tsara yadda zai yi: zai zaɓi maharbi, ya ajiye takobin a gindin bishiya ta farko, ya shiga daji ya nemi inda ƙudan zuma ke sauka. In dodon ya zo a gaisa. Huseina, uwargidan Nababa, ta ce ko ba komai wannan dodon in ya kama mutum cinye shi zai yi a wuce wurin, ba zai nemi lambar wayar danginsa ba. Bakoji, abokinsa makiyayi, ya ce a duba masa ko akwai mashaya a ciki.

Sai masu wasan suka fitar da takardar sharuɗɗa, wato irin ƙarfin da kwamfuta za ta kasance da shi kafin ta ɗauki wasan. Aka kai wa Andrawus mai gyaran rediyo, wanda shi ne likitan marigayiya tun zuwanta. Ya karanta, ya dubi Gwaggo, ya cire tabarau. Ya ce akwai abin da ake kira ram, shi ne faɗin faifan da kwamfuta ke baza aiki a kai. Wasan na neman goma sha shida, Gwaggo huɗu gare ta. Ya ce akwai girafik kad, shi ne idon da ke zana hoto. Wasan na neman babba, Gwaggo ko ƙarami ba ta da shi, da idon haihuwa take gani. Ya ce wasan zai ci wuri giga ɗari da ashirin, abin da ya rage a cikinta bai kai talatin ba. Ya rufe da cewa, Nababa, don girman Allah ka bar tsohuwar nan ta ƙarasa kwananta da karta.

Nababa na girmama Andrawus, amma Andrawus mutumin takarda ne. Nababa kuwa ya san ƙarfe. Takardar babur ɗinsa ta ce mutum biyu zai ɗauka. Buhu biyar na masara ya sha ɗaukowa daga Kuyello a kai, da kaji a rataye, a hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Injin niƙansa an rubuta a jikinsa a riƙa hutar da shi bayan awa biyu. Ranar kasuwa tun hantsi yake yi har magariba. Duk wanda ya ƙera abu tsoro yake ji, sai ya ninka magana sau huɗu don kada a zo masa da ƙara. To in sun ce goma sha shida, huɗu suke nufi. Gwaggo kuwa huɗu gare ta cif. Har yau ba wanda ya kawo wa Nababa inda lissafin nan ya karkace.

Duk da haka bai jefa ta cikin aiki kai tsaye ba. Bakoji ya ba da shawarar a yi mata yadda ake yi wa ɗan bijimi kafin a ɗaura masa garma: a fara da ƙaramin gungume, kullum a ƙara. Mako uku ana horo. Ranar farko karta kawai. Ta biyu karta da karatu. Zuwa ƙarshen mako na uku Gwaggo tana buɗe bidiyon biki huɗu a lokaci guda, da karta, da karatu, da hotuna ɗari biyu, tana cewa “fuuuuu” amma tana tsaye. Aka kwance mata murfin gefe don ta sha iska. Aka kafa mata fankar ɗakin Huseina, Huseina na ji na gani. Aka jiƙa buhu aka lulluɓa mata a ka, kamar yadda ake yi wa randa da bazara, tunda abin da ke sanyaya ruwa ba zai ƙi sanyaya ƙarfe ba. Don a samu wuri aka kwashe hotunan biki zuwa filas, aka goge kartar ma, abokiyar hirar shekara bakwai. Nababa da hannunsa ya goge ta, bai sa kowa ba.

Wasan bai fito ba tukuna, amma masu shi sun saki ɗanɗano, ɗan yanki na bakin dajin don mutane su gwada. Layin garin nan ba zai iya jawo shi ba ko za a kwana arba'in, don haka Bushira ta sauke shi a filas a Kaduna ta ba direba ya kawo a cikin ambulan, tare da wasiƙa mai layi ɗaya cewa Baba kada ka sa.

Ranar Asabar da hantsi aka sa. Aka rufe injin niƙa don duk wutar janareta ta zama tata, mata masu kai niƙa suka koma da kwanoninsu suna faɗin maganganu. Wani ɗan layi ya fito a allo yana cika kaɗan-kaɗan. Azahar ta yi yana rabi. Gwaggo ta bar “fuuuuu” ta koma “wiiiiii,” muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba. Buhu ya bushe aka sake jiƙawa, ya bushe aka sake. Andrawus ya leƙo, ya taɓa jikinta, ya janye hannu, ya ce shi dai ba ya nan. Amma bai tafi ba.

Bayan la'asar allon ya yi baƙi, har an fara salati. Sai ga daji.

Ba kamar na tallar ba ne. Ganyayen sun fito murabba'i-murabba'i, sama ta zo shuɗiya da kore, maharbin ba shi da fuska, takobinsa na tafe shi kaɗai a gefensa. Amma daji ne, da inuwa, da hanyar ƙafa ta shige ciki, ba shinge, ba kowa a tsaye. Can gaba ga wata babbar bishiya mai rassa a baje. Andrawus ya ce bishiyar Turawa ce. Nababa ya ce ɗorawa ce, kuma ga reshe na uku ta hannun dama, nan ne wurin amya. Ya danna maɓallin tafiya. Maharbin ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a sama har Huseina ta je ta sauke tukunya ta dawo, sannan ta sauka. Taku ɗaya ke nan. Aka yi na biyu. A na uku sifikar da ke da lafiya cikin biyun ta kawo wata ƙara siririya daga wajen bishiyar, “zzzzzz.” Andrawus ya ce waya ce ke ƙonewa. Nababa ya yi shekara ashirin da shida yana bin wannan ƙara a daji, ba mai gyaran rediyo ne zai gaya masa ko mece ce ba.

Daga nan Gwaggo ta ce “bip… bip… bip,” ta ce “tik,” wani farin hayaƙi ya fito ta bayanta mai warin ƙonannen takalmin roba. Fankarta ta juya sau biyu ta tsaya. Saura taku kamar goma a kai gindin bishiyar.

Game da musabbabi, an samu saɓani. Andrawus ya ce ruwan buhu ne ya ɗiga a cikinta. Bushira ta bugo waya ta ce ai ta rubuta. Huseina ta ce taurin kai ne, kuma ba na marigayiya ba. Nababa ya saurari kowa, kuma amsarsa ɗaya ce: an ce ba za ta buɗe ba, ta buɗe, an ce ba za ta taka ba, ta taka uku. Kwana ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, lafiyayye, sai dai tun ranar yake kallon bango ba ya cewa komai. Ta bar kibod wanda haruffa biyar suka goge a jikinsa, da maus mai ciwon danna dama, da sifika biyu, ɗaya kurma. Ta bar sitabilaiza wanda aka ɗauka don ya tsare ta, yana nan kuma da ransa, jama'a su yi masa hukunci da kansu. Cikin dangi na nesa akwai injin niƙa da babur, waɗanda ke ci gaba da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu ba tare da ƙorafi ba.

Jana'iza kuwa ga yadda aka tsara. An tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Nababa kuma bai yi gardama ba. Ranar Alhamis Andrawus zai buɗe ta ya kwashe kayan ciki, ya riƙe abin da zai yi wa wata amfani. Akwatin ba za a sayar wa 'yan gwangwan ba, kada ma su wahalar da kansu da zuwa gaisuwa. Za a toshe ƙofofinsa a bar ɗaya, a shafe shi da kashin shanu wanda Bakoji ya yi alkawari, a turara shi, a naɗe da ciyawa, kamar yadda ake yi wa kowace amya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a ɗauki Gwaggo a babur zuwa ɗorawar da ke gonar ƙarshe a hanyar Gayam, daidai inda mutane ke tsayawa yanzu su juyo. Za a ɗaura ta a reshe na uku ta hannun dama, ƙofarta na kallon daji. Masu cewa a nemo tsani ko a sa wani mai ƙuruciya ya hau, an gode. Nababa ne zai hau da kansa. Huseina ta ce gwiwarsa ba za ta ɗauka ba, shekara bakwai ba wasa ba ne. An gaya mata ita ma ta ninka magana sau huɗu.

Za a karɓi gaisuwa a bakin injin niƙa kwana uku. Mai zuwa ya zo da addu'a, kada ya zo da shawara, kada kuma ya zo yana nuna wasan da ke cikin wayarsa. Wanda ya bi ta hanyar Gayam bayan furen ɗorawa ya fito, ya ji ƙara a bisa kansa, kada ya yi jifa. Gwaggo ce ta tashi, kuma ba a sa ta sauri.